Rufin da Ya Ƙi Tashi a Ƙofar Gidan Mati

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce maka akwai wani abu daban a unguwar. An sauko daga la'asar, ƙasa da sauran danshin ruwan shekaranjiya, masu keke suna ta kai da komo a kan titin Ƙofar Ƙaura, hayaƙin girkin yamma ya fara tashi daga gidaje. Mati makanike yana durƙushe a ƙofar gidanshi, bayan wani dogon akwatin ƙarfe mai taya biyu, yana murza hannun ƙarfe kamar mai markaɗe. Maƙwabta uku suna kan benci suna kallo, don an ce masu ɗaki zai fito daga cikin akwatin.

Ba ƙarya aka yi masu ba. Shekara bakwai ke nan da wani Bature matafiyi ya shigo ta Jibiya yana janye da akwatin a bayan motarshi. Motar ta lalace, Mati ya gyara ta, Baturen ya ce ya gaji da jan kaya, ya bar mashi akwatin kyauta. Kafin ya wuce ya nuna mashi yadda yake. Ka ɓalle maƙallai huɗu, ka zura hannun ƙarfe a wani rami ta baya, ka yi ta murzawa. Sai waya ta naɗu a kan 'yar ganga daga ƙasa, ta ja sanduna huɗu, rufi ya tashi, tanti ya warware ya zama bango, ga gado ta nan ga gado ta can. Mati ya sha mamaki sau ɗaya, ya rufe shi, ya tura shi bayan gareji ƙarƙashin wani tsohon marke, daga nan bai sake waiwayar shi ba.

Abin da ya tuna mashi da shi, ɗiyarshi ta fari ce, Suwaiba. An kawo ta goyon ciki, ciki ya shiga wata tara, ga shi ruwan Agusta ya kayar da ɗaki ɗaya cikin ukun da ke gidan. Mati ya bar mata nashi ɗakin. Matarshi Baraka ta ce to ya riƙa kwana a zaure kafin a yi gini, ya ce shi da ke da ɗakin Bature a ajiye ba zai kwana a zaure kamar baƙon da aka rasa masauki ba. Washegari ya ɗaura akwatin a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ya jawo shi ta cikin ramukan hanya har gida. Ƙofar gidan ta yi mashi kaɗan, sai ya jera shi da katanga daga waje, daidai bayan tagar ɗakin da Suwaiba take.

Sai an san Mati kafin a gane sauran labarin. Shekara talatin yana gyaran mota, kuma a shekara talatin ɗin nan babu wanda ya taɓa jin ya ce ya kasa. In inji ya ƙi shi, ba ya cin abinci, ba ya amsa gaisuwa yadda ya kamata, sai ya ga bayanshi. Mutum ne mai kirki, wannan ba gardama, amma taurin kanshi ko jaki sai ya sara mashi.

To, ya murza hannun, rufi ya motsa, maƙwabta suka gyara zama. Kusurwa uku suka tashi sumul. Ta huɗu, ta ɓangaren katanga, ta ɗaga kamar yatsa huɗu ta tsaya cak. Rufin ya karkace kamar hular ɗan tasha. Mati ya sauke shi, ya sake ɗagawa, haka dai. Ya duba maƙallin wannan kusurwar ko bai ɓalle ba, a ɓalle yake. Ya ce to ƙasa ce ba ta daidaita ba, ya aika aka aro mashi ma'aunin ruwa na magina, ya sa jak ya ɗaga gefe, ya cusa duwatsu ƙarƙashin taya har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. Ya murza. Uku suka tashi, ta huɗu ta tsaya a yatsa huɗunta.

Ana cikin haka ladan ya kira magariba. Mutanen benci suka miƙe, ɗaya ya ce a bari sai gobe, almuru ta yi. Mati ya ce yanzu zai taho, ya ɗauki guduma ya buga wa sandar sau uku ko tsatsa ce ta kama ta. A bugu na uku ne ya ji Suwaiba ta yi wata 'yar ƙara daga bayan katanga. Ya tsaya da guduma a hannu. Unguwar ta yi tsit, irin shirun da ke sauka in kowa ya shige masallaci, har tsuntsayen da ke kan darbejiya suka yi gum. Daga nan dutse ya faɗo kan kwanon gidan.

Ba dutse ɗaya ba ne. Suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan yana ƙirgawa. Mati ya zagaya bayan gida da gudu yana zagin 'ya'yan da ba a kwaɓa, bai ga kowa ba. Da ya shiga ciki ya tarar da Baraka tsaye a bakin ɗaki da buta a hannu. Ta ce yarinyar ce bayanta ya riƙe, kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙugu, amma ya saki. Ita ma Baraka ba ta kiran sunan Suwaiba, shi ma haka, kunyar 'yar fari. Suka tsinci duwatsun a tsakar gida, bakwai, baƙaƙe, kuma da ɗumi kamar an ciro su daga murhu.

Da wani mutum ne ya ga haka, da ya tsaya ya yi tunani. Mati kuwa da asuba yana kwance ƙarƙashin akwatin da tocila a baki. Ya bi wayar tun daga ganga har inda ta rabu gida huɗu a jikin wani guntun ƙarfe mai notuna. Ya ɗaure notin kusurwa ta huɗu, ya sassauta, ya sake ɗaurewa. Ya ciro 'yan ƙafafun da wayar ke gudu a kansu, ya wanke su da fetur, ya cika su da giris. Ya zare sandar gaba ɗaya daga bututunta, ya duba, miƙaƙƙiya ce fes, babu lanƙwasa ko tsatsa. Ya mai da ita, ya tsiyaya baƙin mai a bututun har ya malalo ƙasa. Ya murza hannu. Yatsa huɗu.

Ranar bai je gareji ba. Ya ɗaga rufin nan ya sauke ya fi sau arba'in, kuma duk saukewa da haushi yake sakin shi, ya faɗi tim. Da rana ya samo bidiyon wani Bature a wayar salula yana nuna yadda ake gyaran irin wannan, ya kalla sau uku, ya yi tsaki ya ce duk abin da mutumin ya faɗa ya riga ya yi. Da yamma ya kira majiya ƙarfi uku daga bakin titi suka sa kafaɗa a kusurwar yana murzawa. Suka yi nishi har jijiyoyin wuya suka fito. Ɗaya daga cikinsu ya ja da baya yana share gumi, ya ce shi dai bai taɓa ɗaga abin da yake jin kamar ana jan shi ƙasa ba, ya kama gabanshi ko sallama bai yi ba.

A cikin gida kuwa Baraka ta fara lura da abin da shi bai lura ba. Duk lokacin da ta ji ƙarar hannun nan, ƙarat-ƙarat, sai Suwaiba ta dafe ƙugu ta cije leɓe. In ƙarar ta tsaya, ciwon ya tsaya. Ta kira maƙwabciyarsu Sista Martha, 'yar Kafanchan, tsohuwar ungozomar asibiti da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin. Martha ta duba ta ce ba naƙuda ba ce, ɗa yana kwance daidai, sai dai ita ma ba ta son yadda cikin yake tamkewa ya saki babu dalili. Da magariba ta yi duwatsu suka dawo. A tsakanin faɗuwar dutse da dutse matan biyu suka ji kukan jariri, siriri, daga wajen katanga. Mati ya ce kyanwa ce.

Baraka ta same shi a zaure ta faɗa mashi abin da ta gani. Ta ce kuma ya shinshina wajen akwatin nan da kyau, ita ƙamshin ruwan zafi da ganyen darbejiya take ji, da kunun kanwa, irin na ɗakin mai jego. Ta roƙe shi ya bar aikin nan haka. Ya ce mata ƙarfe ne da waya, ba shi da wata alaƙa da cikin mutum, kuma wayar ce ta miƙe, gobe zai canza ta a wuce wurin. Ta ce, "Malam, ni ban san waya ba, amma na san ciki." Ya juya mata baya. Haushi ya ishe ta, ta kwashe kwanon tuwon da bai taɓa ba ta koma ciki.

Kwana na uku ya tafi wajen 'yan gwangwan ya samo sabuwar waya mai kauri, ya ɓata yini yana zura ta. Bai canza komai ba. Kwana na huɗu ya daina lallashi. Mutanen benci sun ƙaru, har da masu tsayar da babur su kalla, kuma ya ji wani yana cewa yau dai an ga abin da ya fi ƙarfin Mati. Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Bayan la'asar ya murza har kusurwa ukun suka kai ƙarshe, ya kawo babban jak, wanda yake ɗaga motar itace da shi, ya kafa shi da gungume ƙarƙashin kusurwa ta huɗu. Ya fara bugawa. Ƙarfe ya yi ƙara, rufin ya fara lanƙwashewa, jak ɗin ya soma zubar da mai, amma kusurwar ba ta ƙara ko kaurin farce ba. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidaje, shi bai ma sani ba.

Muryar da ta fito ta tagar ba ta Suwaiba ba ce. Muryar tsohuwa ce, busasshiya, mai gajiya, kuma ba ta ɗaga ta ba.

"Mati. Ka ƙara bugu ɗaya ka gani."

Ya saki ƙarfen jak ɗin ya faɗi ƙasa. Ya shiga gida. Suwaiba tana zaune a tsakiyar gado ta miƙe ƙafa yadda tsofaffi ke yi, kafaɗarta ta dama ta saɓule ƙasa kamar mai ɗauke da kaya, idanunta a kan uban ƙur, ita da ko da wasa ba ta iya haɗa ido da shi. Cikin ya tamke tamau har ana ganin shi ta cikin riga. Baraka tana gefe tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Martha ta taɓa cikin, ta ɗago ta ce wa Mati a hankali wannan ba aikinta ba ne, ya nemo wanda ya sani, kuma ya yi sauri, don ɗa ba ya jure irin wannan matsi.

Malam Mudassir yana zaune a cikin gari, wajen Gobarau, dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya karantar da rabin limaman yankin. Mati ya ɗauko shi a babur bayan an idar da magariba. Da suka iso bai shiga gida ba, sai ya tsaya gaban akwatin ya daɗe yana kallon karkataccen rufin. Ya tambayi shekara nawa ya yi a rufe, da inda aka ajiye shi, Mati ya faɗa. Ya tambaya ko da zai buɗe ya yi sallama, ko ya yi bisimilla, ko ya ba na ciki kwana uku su tashi kamar yadda ake yi wa ɗakin da ya daɗe a kulle. Mati ya ce ai ba ɗaki ba ne, kayan mota ne. Malam ya ce yana da rufi? Yana da ƙofa? Yana da gado? Mati ya wuce gaba ya shigar da shi gida.

A ɗaki Malam ya ce ba za a yi hayaƙi ba, ba za a taɓa ta ba, saboda abin da ke cikinta. Ya sa Baraka ta lulluɓe ta da mayafi, ya zauna a tabarma daga bakin ƙofa, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Fitilar ɗakin ta yi ja ta dawo. Aka kira isha'i a masallacin layi, bai tsaya ba. Can mayafin ya motsa, aka ja dogon numfashi, Malam ya yi sallama. Aka amsa mashi cikakkiya, har da wa barakatuhu.

Ya ce tunda Musulma ce, me ya kawo ta jikin baiwar Allah mai tsohon ciki, wadda ba ta yi mata komai ba? Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba zai yi mashi amfani ba, gara ya tambayi wancan mai gudumar abin da ya yi. Daga nan ta fara, kuma wallahi ba barazana ta fi yawa a maganarta ba, ƙorafi ne, irin na tsohuwar da aka kai bango. Ta ce shekara shida suna zaune a akwatin nan, wuri mai duhu mai ɗumi, babu wanda suka taɓa. Ita ma ɗiyarta ta kawo gida goyon ciki, ta haihu, tana kwana ashirin da huɗu aka ɗaure su a bayan mota aka bi da su ta kowane rami na garin nan, mai jego da ɗanyen jiki. Ba su ce komai ba. Aka zo ana ɗage masu rufi, iska da haske suna shiga kan jariri. Ta tattara su a kusurwa ɗaya, ta rataya a kan sandar ta riƙe.

"Kwana huɗu, Malam. Kwana huɗu ina rataye da kafaɗa ɗaya. Ya ɗaga, ya saki, ya ɗaga, ya saki. Ya buga mamu guduma a ka. Ya tsiyaya mamu baƙin mai a shimfiɗa. Na yi jifa, bai ji ba. Jariri ya yi kuka, ya ce kyanwa ce. To ni ma na ce bari in taɓa nashi, ko zai san yadda ake ji."

Mati yana tsugune a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai ce shi bai sani ba, Malam ya ɗaga mashi hannu. Ya ce wa tsohuwar an zalunce ta, wannan gaskiya ne, amma wanda ya yi ba da sani ya yi ba, ita kuwa da sani ta kama wadda ba ruwanta, da ɗan da bai ma zo duniya ba, kuma ta san wanda zai tambaye ta. Ta ce to a bar masu akwatin har abada. Malam ya ce a'a, mai abu yana da haƙƙin abinshi. Ta ce shekara ɗaya. Ya ce a'a, ya koma karatu, ya ɗan ɗaga murya. Jikin da ke cikin mayafin ya fara karkarwa, ta ce ya tsaya, ya tsaya. Ya tambaye ta kwana nawa ya rage su yi arba'in. Ta ce goma sha biyu.

A kan haka aka tsaya, amma ta kafa sharaɗi. Ta ce jak ɗin nan ya karya masu wurin da suke, sun koma ƙarƙashin gado, in aka sauke rufin zai danne su, in aka ɗaga iska za ta kashe jaririn. Yadda yake a karkace haka zai zauna, kada a ɗaga, kada a sauke. Ta ce a jefa hannun ƙarfen a rijiya. Malam ya ce ba za a jefa ba, za a ba uwargida ta ajiye. Ta ce ta yarda, amma in ta ji hannun nan ya yi ƙara ko sau ɗaya kafin ranar, za ta dawo, kuma ba magana za ta zo yi ba. Malam ya juyo ya kalli Mati. Mati ya ɗauki lokaci kafin ya ce ya yarda, har Baraka ta juyo ta kalle shi da idon da bai taɓa gani ba. Malam ya sa tsohuwar ta rantse, ta rantse. Suwaiba ta yi atishawa sau uku, kafaɗarta ta koma daidai, cikin ya saki, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane a ɗakinta.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Mati. Malam ya hana a yi ta yaɗa maganar, saboda haka unguwa abin da ta gani kawai ta sani: akwati a ƙofar gidan babban makanike, da rufi a karkace, da tanti yana lilo. Masu wucewa suna yi mashi sannu da aiki da wata irin murya. Wani abokin sana'arshi ya aiko a tambaya ko yana son a turo mashi wanda zai duba. A gareji ma in ya juya baya yana jin ana ƙus-ƙus. Shi kuwa yana kwana a zauren da ya raina, kan tabarma, an yi mashi rumfa da tamfol saboda yoyo. Kullum da safe sai ya tsaya gaban akwatin, hannu a baya, yana kallon kusurwar nan, ranshi na tafasa. Wani lokaci har ya fara ce wa kanshi ƙila dai noti ne bai ɗaure daidai ba.

A kwana na goma naƙuda ta tashi tun da hantsi. Martha ta shigo da jakarta, aka rufe ɗaki, aka bar Mati a zaure shi kaɗai. Azahar ta wuce shiru, la'asar ta wuce shiru, sai nishi da yake jiyowa jefi-jefi. Sannan gabas ta haɗe, hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar leda a kan titi. Ya leƙa waje ya ga tantin yana kaɗawa, ga gibi a buɗe ta inda rufin ya karkace, daidai inda ruwa zai bugo. Duk mai hankali ya san abin da ake yi wa irin wannan kafin ruwa, sauke shi ake yi. In ruwa ya shiga, katako zai kumbura, tanti ya ruɓe, shi ke nan an yi asarar ɗakin. Kuma ya san inda Baraka ta ɓoye hannun, tun kwana na biyu ya gan shi cikin buhun gero.

Ya ɗauko shi. Ya ce wa kanshi kwana goma da sha biyu ai duk ɗaya ne, ƙila ma sun riga sun tashi, tunda ba a sake jin ko tari ba. Ya fita, ɗigon farko yana sauka, ya durƙusa ya zura hannun a raminshi. Ya shiga daram, kamar yana jiran shi. Tafinshi yana kai, saura ya murza. Sai ya ji Suwaiba ta bayan katanga ta kira sunan Allah da wata murya da ta gaji. Kafin ya numfasa, daga cikin akwatin, ta wajen gibin nan, wani ɗan abu ya yi atishawa, 'yar mitsitsiya, irin ta jaririn da sanyi ya taɓa.

Mati ya daɗe a durƙushe. Sannan ya zare hannun a hankali, yadda ko ƙaras bai yi ba, ya ajiye shi a ƙasa. Ya koma zaure ya kwance tamfol ɗin da ke kare shimfiɗarshi, ya jawo shi waje. Ya tsaya gaban akwatin, ya gyara murya, ya yi sallama. Ya ce shi ne Mati, ba taɓawa zai yi ba, rufa masu zai yi, ruwa ya zo.

Ya jefa tamfol ɗin ya rufe gibin, ya ɗaure gefe biyu a jikin taya da ƙarfen gaba. Gefen kusurwa ta huɗu babu inda za a ɗaure, ga iska tana fizge shi. Sai ya naɗe bakin tamfol ɗin a hannunshi na dama, ya ɗaga shi sama ya danne a jikin rufin, ya tsaya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mutanen da suka fake a shagon mai shayi suna kallon shi ta tsallaken titi, dattijo da furfura tsaye cikin ruwa yana riƙe wa akwati mayafi, wani ya ƙwala mashi kira ya shigo, bai ko juya ba. Hannun ya yi tsami, ya yi zafi, daga baya ya daina jin shi gaba ɗaya. Kafaɗar ta sage. A nan ya tuna wadda ta yi kwana huɗu a haka, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya gode Allah da ruwa ke wanke mashi fuska.

Sai dab da magariba ruwan ya tsagaita. Unguwa ta yi shiru, ba ka jin komai sai ɗigar indararo. Yana nan tsaye bai sauke hannu ba, sai ya ji muryar nan busasshiya kusa da kunnenshi, ta cikin tamfol, a hankali.

"Barka da arziki, Mati. Mace ce."

Bai san lokacin da ya amsa ba. "Barka kadai," ya ce. Sannan ya ƙara, "Ya mai jego? Ruwa bai taɓa ku ba dai?"

Ba a amsa ba. Ƙofar gida ce ta buɗe, Martha ta leƙo da zani a kafaɗa tana murmushi, ta ce Baban Suwaiba, albishirinka. Ya ce mata ya ji, mace ce. Ta tsaya tana kallon shi, don jaririyar ko kukan farko ba ta gama ba.

Bayan kwana biyu, da la'asar, Baraka da kanta ta miƙa mashi hannun ƙarfen. Ya yi sallama sau uku, ya jira, babu wanda ya amsa. Ya murza da yatsa biyu, kusurwa ta huɗu ta tashi sumul ta tarar da 'yan'uwanta. A ƙarƙashin gado suka ga ɗan toka da busasshen ganyen darbejiya, an share wurin tas an tara su gefe ɗaya. Mutanen benci suka taso suna tambayar me ya lalace ashe, ya ce masu shi ne ya lalace, ya shige gida ya bar su suna kallon juna. Kafaɗar dama kuwa ba ta sake komawa daidai ba, in hadari ya haɗu sai ta tashi. Shi ya sa har yau a hannun hagu yake ɗaukar jikar tashi.